Kalkuleta, waya da kwamfuta a ajin lissafi: yaushe suke taimako, yaushe suke yi wa ɗalibi aikinsa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar lissafi ce a sakandare, shekarata ta shida ke nan ina riƙe da aji. An kawo mana kwamfutoci da majigi, hukumar makaranta kuma tana so mu riƙa koyarwa da su, har ma mu mayar da gwaje-gwaje kan kwamfuta ta riƙa ba da maki da kanta. Ni kuwa abin da nake gani ya sa jikina ya yi sanyi. Yaro zai kawo aikin gida babu kuskure ko ɗaya, ranar gwaji ya kasa warware 3x + 5 = 20. Wasu ko 7 sau 8 sai sun danna kalkuleta. Shin wannan fasaha taimakon su take yi, ko kashe musu ƙwaƙwalwa take? In kuma ya zama dole in yi amfani da ita, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malama, sannu da ƙoƙari. Tambayarki guda biyu ce aka ɗaure wuri ɗaya, gara mu kwance su. Ta farko: na'ura tana ƙara wa yaro fahimtar lissafi ko rage masa take? Ta biyu: za a iya sakar mata auna abin da ya sani? Na shafe shekaru masu yawa ina koyar da lissafi a sakandare, daga baya ina horar da malamai, kuma amsar da na tsaya a kai ita ce wannan. A duk aikin lissafi akwai ɓangaren da shi ne darasin, akwai kuma ɓangaren da dako ne kawai. Idan na'ura ta ɗauke wa yaro dakon, ta taimake shi. Idan darasin ta ɗauke, ta cuce shi, ko da kuwa yana murna.

Ɗauki 7 sau 8 ɗin da kika ambata. Ga yaron da ke koyon ninkawa, wannan shi ne darasin kansa, kalkuleta ba ta da wurin zama a teburinsa. Ga ɗalibar da aka ba lambobi arba'in ta fitar da matsakaicinsu ta kuma faɗi abin da yake nufi, tara lambobin dako ne. Idan kika tilasta mata yi da hannu, lokacin aji zai ƙare ba ta kai ga tunanin da kike nema ba. Na'urar guda ce, darasin ne ya bambanta.

Abin da aka riga aka gwada

Wannan fargaba ta girme mu a aikin. Tun da kamfanin HP ya fito da kalkuletar kimiyya ta aljihu a 1972, malamai ke cewa yara za su manta lissafi. A 1986 wasu masu bincike biyu a Amurka, Hembree da Dessart, suka tattara sakamakon bincike 79 kan kalkuleta a makarantu. Suka tarar cewa idan ana amfani da ita tare da koyarwar da aka saba, ba ta rage wa yara iya lissafin takarda da fensir ba, a yawancin azuzuwa ma ƙaruwa aka gani. Aji huɗu na firamare ne ya fita daban, inda yawan amfani da ita ya ja matsakaitan yara baya. Ni ban yi mamakin wannan ba, domin shekarun ne ake kafa ninkawa da rabawa.

Sai dai kada hukumar makarantarku ta ɗauka cewa sauke kwamfutoci a aji shi ne aikin. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare na karkara ƙananan kwamfutoci, kowane yaro da tasa. Da aka bi makarantu 319 bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, amma makinsu na lissafi bai motsa ba. Rahoton da OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta fitar a 2015 shi ma haka ya nuna: ƙasashen da suka zuba kuɗi mai yawa a kan kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaban a zo a gani a lissafi ba.

Inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne wani gwaji da aka yi a birnin Delhi na Indiya da manhajar Mindspark. Ita wannan manhaja ba ta damu da ajin da yaro yake ba. Tana fara gano matakin da ya tsaya, sai ta riƙa ba shi aiki daidai wurin. Masu binciken sun tarar cewa a aji ɗaya akan sami tazarar matakin aji biyar zuwa shida tsakanin na gaba da na baya, abin da duk malamin da ya riƙe alli ya san shi a jikinsa. Cikin wata huɗu da rabi yaran da suka shiga shirin sun yi wa takwarorinsu fintinkau. Amma a lura, bayan an tashi daga makaranta ake yin shirin, ƙarin lokaci ne, kuma rabinsa malami ne ke zama da yaran. Kenan abin da ya yi aiki shi ne na'urar ta yi abin da malami ɗaya ba zai iya yi wa yara hamsin a lokaci guda ba, wato bin kowa a matakinsa.

A cikin darasi

Majigin nan da aka kawo muku, mafi munin amfani da shi shi ne a haska rubutun da dā za ki yi a allo. Lissafi yana son yaro ya ga hannun malami yana tafiya layi bayan layi, ya ga inda ya dakata, har inda ya goge ya sake. Rubutun da ya bayyana a kammale yana ɓoye duk wannan.

Inda majigi ya fi allo nesa ba kusa ba shi ne abin da ke motsi. Akwai manhajojin zanen lissafi biyu na kyauta da nake ba malamai shawara: GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara ginawa a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya a 2001, da Desmos, da ta fito a 2011. Ɗauki giraf na y = ax² + bx + c, zanen nan mai siffar ƙoƙo. Da hannu, yaro zai ci minti goma sha biyar yana cika jadawali yana ɗiga ɗigo kafin ya sami zane ɗaya. A darasi guda bai wuce ya yi biyu ko uku, kuma hankalinsa yana kan ɗigon, ba kan siffar ba. A GeoGebra kuwa kina jan c sama da ƙasa, zanen gaba ɗaya na hawa yana sauka. Ki ja a, bakinsa ya tsuke ko ya buɗe, da ta gangara ƙasa da sifili sai ya kife. Ki ja b, sai ki ga abin da ni kaina ban lura da shi ba sai da na gani a na'ura, bayan shekaru ina koyar da babin: ƙoƙon zanen ba gefe kawai yake matsawa ba, shi ma wata lanƙwasa yake bi mai irin siffar ta farko a kife.

Amma bari in ba ki labarin kuskurena. Ranar da na fara koyar da kusurwoyin alwatika da GeoGebra, na zana alwatika, na sa manhajar ta nuna jimillar kusurwoyinta, na kira yara ɗaya bayan ɗaya suna jan kusurwar zanen yadda suka ga dama. Duk yadda aka ja, 180 tana nan daram. Aji ya yi daɗi, kowa na son a kira shi. Washegari na ce to, mu kawo hujjar dalilin da ya sa haka. Wata yarinya mai kaifin basira ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wace hujja kuma? Ai jiya mun gani." Gaskiyarta, ni na koya mata cewa gani ya kori ji. Matsalar ita ce a lissafi gani ba hujja ba ne. Alwatika dubu da suka ba da 180 ba su ce komai a kan ta dubu da ɗaya ba, kuma na kashe mata ƙishirwar tambayar "me ya sa?" da hannuna.

Tun daga ranar na sauya tsari. Kafin in taɓa komai a na'ura, kowa zai rubuta hasashensa a littafi: idan na ƙara c, me zai faru da zanen? Sai an rubuta sannan in ja. Wanda hasashensa ya ci ƙasa shi ya fi kowa amfana, domin yanzu yana da abin da ke cizon sa. Bayan nan a kashe majigin a koma allo a nemi dalili. Minti goma na na'ura cikin minti arba'in ya isa.

Kalkuleta ma haka take, sai an koyar da ita kamar kowane babi. Dokata a aji ita ce ba a dannawa sai an yi kiyasi. 49 sau 21 ya kusa 50 sau 20, wato wajen 1000. Yaron da ya riƙe wannan, idan yatsansa ya zame ya ga 102.9, zai san an yi ɓatan kai. Wanda bai yi kiyasi ba kwafewa zai yi ya ja layi biyu a ƙasa. Ki ware darasi ɗaya ki nuna musu inda na'ura ke yaudara. A danna 2 + 3 × 4 a ƙaramar kalkuleta mai sauƙi a sami 20, a ta kimiyya a sami 14. A nemi sin 30 alhali tana auna kusurwa da radiyan maimakon digiri, ta ba da −0.988 a madadin 0.5. A rubuta −3² a kalkuletar kimiyya a sami −9, a rubuta irinsa a manhajar Excel ta kwamfuta a sami 9. Yara suna jin daɗin kama na'ura da laifi, kuma daga ranar sukan rage yi mata biyayya ido rufe. Waɗanda ba su haddace jadawalin sau ba kuwa, babu wata dabara, sai an koma an haddace. Wanda zai tsaya neman 7 sau 8 a tsakiyar aljabara, kafin ya dawo ya manta inda yake.

Batun ba da maki

A nan gizo ke saƙar. Kwamfuta amsar ƙarshe take gani, ke kuwa hanya kike dubawa. Ki ba yaro 16/64 ya rage. Ya soke 6 ta sama da 6 ta ƙasa, ya rubuta 1/4. Amsa daidai, hanya ɓatacciya, kwamfuta ta ba shi cikakken maki ta kuma tabbatar masa da kuskurensa. Ga kuma yarinyar da ta yi layi shida lafiya lau, alamar ɗebewa ɗaya ta kuɓuce mata a na bakwai. A takarda za ki ba ta huɗu cikin biyar, kwamfuta sifili za ta ba ta. Idan aka tara irin waɗannan a zango guda, sakamakon da zai fito ba hoton ajinki ba ne.

Akwai kuma matsalar shigar da amsa. Yawancin manhajojin gwaji na gama-gari harafi da harafi suke kwatantawa. An ajiye 1/2, yaro ya rubuta 0.5, an ce ya faɗi. An ajiye 2x + 6, ya rubuta 6 + 2x, an ce ya faɗi. Don magance haka aka gina manhajoji irin su STACK, wadda Chris Sangwin ya ƙirƙiro, da ke aiki cikin Moodle, dandalin koyarwa ta intanet. Ita tana da injin aljabara a bayanta, tana gane cewa amsoshin nan ɗaya ne, tana kuma iya sauya wa kowane ɗalibi lambobin tambaya don kada a kwafa. Amma ko ita sai mai tsara tambayar ya yi hattara. Na taɓa sa tambayar da ke neman a buɗe baka a 2(x + 3), na saita ta karɓi duk amsar da ta yi daidai da wannan. Wani ɗan wayo ya kwafe tambayar kanta ya saka a gurbin amsa, ya ci maki. Laifina ne, ban gaya wa na'urar ta duba siffar amsar ba. Tsara tambaya ɗaya mai kyau a irin wannan manhaja yakan ci mini awa guda ko fiye. Ribar sai a shekara ta biyu da ta uku.

To ina kwamfuta ta fi ƙarfi? A gwajin gano cuta, ba na yanke hukunci ba. Ɗauki misalinki, 3x + 5 = 20. Ki ba da zaɓi huɗu, amma kada ki cike gurbi da lambobin banza. Ki sa 5, amsar gaskiya. Ki sa 15, ta wanda ya ɗebe 5 ya manta rabawa. Ki sa 25/3, ta wanda ya tsallakar da 5 bai sauya alama ba. Ki sa 5/3, ta wanda ya raba 20 da 3 tukuna ya bar 5 ba a raba ba, sannan ya ɗebe. Yanzu kowace amsar kuskure tana gaya miki ciwon mai ita. Cikin minti biyu na'ura za ta nuna miki cewa mutum goma sha takwas sun zaɓi 25/3, kin san abin da za ki koyar gobe. Da takarda, sai kin kwana biyu kina gyara kafin ki gano haka, lokacin an wuce babin. Wannan ba ya ma bukatar kowa ya riƙe na'ura. Akwai manhajar Plickers, inda yara ke ɗaga kati mai alama, malami ya zagaya da kyamarar wayarsa guda ɗaya ta karanta duka.

Za ki ji ana maganar jarrabawa mai bin matakin ɗalibi, wadda ke tsananta ko sassauta tambaya gwargwadon yadda yake amsawa. Jarrabawar SAT ta shiga jami'a a Amurka ta koma haka tun 2024: kashi na biyu na lissafi ya dogara da abin da ɗalibi ya yi a na farko, kuma Desmos na cikin shafin jarrabawar. Irin wannan na bukatar dubban tambayoyin da aka riga aka auna nauyinsu a kan ɗalibai masu yawa. Ba abin da makaranta ɗaya za ta haɗa da kanta ba ne, kada wani ya ruɗe ku da sunan.

Shawarata ga hukumarku: gajerun gwaje-gwaje na mako su tafi kwamfuta, amma ba su ɗauki maki mai nauyi ba. Jarrabawar zango ta zauna a takarda, a raba ta biyu, kashi ɗaya ba kalkuleta, ɗaya da ita. Duk gwajin da za a yi a kwamfuta kuma, yaro ya miƙa takardar da ya yi aikinsa a kai. Ba sai kin gyara duka ba, ki zari goma ki duba. Kuma a tabbata kowa ya saba da rubuta alamomin lissafi a na'urar kafin ranar, in ba haka ba saurin yatsa za a auna, wanda yake da kwamfuta a gida ya ci wanda ba shi da ita.

Aikin gidan da ba kuskure

Yaron nan naki mai aikin gida tsaf, kusan na tabbata waya ce ke yi masa. Tun 2014 akwai Photomath, a ɗauki hoton tambaya ta fito da amsa layi-layi. Daga ƙarshen 2022 kuma ChatGPT da ire-irensa na ƙirƙirarriyar basira suka shigo, su har tambayar zube suna warwarewa. An gwada wannan a wata sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan dubu. Waɗanda aka ba GPT-4, wani samfurin ChatGPT, sakaka lokacin atisaye, makinsu na atisayen ya haura da kashi 48 cikin ɗari. Da aka karɓe na'urar aka yi jarrabawa, sai suka faɗi ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari. Rukunin da aka saita wa manhajar ta riƙa ba da hannunka-mai-sanda kawai, ba ta faɗin amsa, wannan illa ta kusa ɓacewa a wurinsu. Ga ajinki nan a rubuce.

Hana su ba zai yiwu ba, ba kya gidajensu. Abin da ke hannunki shi ne ki sa kwafar ta zama ba ta da riba. Na daina ba aikin gida maki. A maimakon haka, minti biyar na farkon darasi nakan ɗauko tambaya biyu daga aikin jiya, in sauya lambobi, a yi a rufe littafi. Wannan ne ke da maki. Cikin mako uku yara suka gane da kansu cewa wanda ya kwafa ya yi wahalar banza. Nakan kuma juya aikin: in kawo warwarar da ke da kuskure a layi na uku, wani lokaci wadda na'urar ce ta yi shi, in ce a nemo, a faɗi dalili. Nakan ce musu, in kun maƙale ku tambayi waya mataki ɗaya kawai, ku rufe ta, ku ƙarasa, sannan ku yi wata tambayar makamanciya ba tare da ita ba. Wasu na bi, wasu ba sa bi.

Duk abin da na faɗa daga aikina, na azuzuwan sakandare ne, kuma gogewar mutum ɗaya ce. A ƙananan azuzuwan firamare zan fi haka tsanani, hannu da abubuwan ƙirga su riga allon na'ura. Gwajin farkon darasin nan ma yana da nasa nauyi, domin yaron da ke firgita da jarrabawa kullum sai ya shigo aji gabansa na faɗuwa, shi ya sa nake barin kowa ya yar da mafi munin makinsa biyu a zango. Haka kuma wanda aka bari a baya da aji uku, Desmos ba za ta ɗago shi ba, zama yake bukata da mutum.

Game da inda za ki fara, kada ki ɗauki manhaja biyar. Zaɓi babi ɗaya a zangon nan wanda kika san yara na shan wuya a kansa kuma akwai motsi a cikinsa, giraf ɗin layi miƙaƙƙe ya dace. Sauke GeoGebra a kwamfutar tun da wuri, tana aiki ko babu intanet, ki gwada ta da majigin a ajin da babu kowa kwana ɗaya kafin darasi. Shirya tambayoyin hasashe uku da tambayoyin gano cuta huɗu. Idan kina da aji biyu a mataki ɗaya, koyar da ɗaya da majigi ɗaya da allo, ki ba su gwaji iri ɗaya a takarda bayan mako biyu, sannan ki sake ba su bayan wata guda ba tare da sanarwa ba. Sakamakon na biyun shi za ki kai wa hukumar makaranta. Allah ya taimaka, Malama.